A ceci kifin dumi a kogin Haɗeja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin jama'a kan kifin dumi, farinsa da baƙinsa, wanda ya fara wuyar gani a hannun masu banda, alhali duk maganar kifi a yau ta koma kan tarwaɗar da ake kiwo a kududdufi.

Wanda bai san dumi ba, ya duba bakinsa zai gane sana'arsa. Bakin yana fuskantar ƙasa ne, da leɓɓa masu kauri, waɗanda yake kankare gansakuka da su daga jikin duwatsu, yana kuma tsotsar ruɓaɓɓen ganye a cikin laka. Ƙayarsa tana da yawa, shi ya sa wasu matan ba sa son ba yara shi, amma duk wanda ya ci miyar bandarsa ya san ba kifin rainawa ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake hayayyafa. Dumi yana jiran ruwan damina ya cika kogi, sai ya yi ta haurawa har ya shiga fadamun da ruwa ya malale, a can yake zuba ƙwai, a can kuma 'ya'yansa suke samun abinci da maɓoya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Sauran kifin da ya samu ya haura, sai ya tarar da raga mai ƙananan ido, wani lokaci ma gidan sauro, a kwashe uwa da cikinta cike da ƙwai.

Ina kira ga masu kula da madatsun nan da su riƙa sakin ruwa daidai lokacin da kifi ke haurawa. Sarakunan ruwa kuma, waɗanda masunta suka fi jin maganarsu fiye da ta ma'aikacin gwamnati, a mara musu baya su hana kamun kifi a mashigar fadama na 'yan makonni a farkon cikar kogi.

Naka,
Wani mai karatu daga Haɗeja, Jihar Jigawa.