Garo, Mujallar da Ta Fitar da Zanen Japan Daga Hannun Yara

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili a jaridarka mai farin jini domin in gyara wata fahimta da ta yaɗu, wai labaran zane na Japan, waɗanda ake kira manga, kayan yara ne. Tarihin mujallar Garo kaɗai ya isa amsa.

Katsuichi Nagai ne ya kafa ta a Tokyo a 1964, a kamfaninsa Seirindo. A lokacin shagunan hayar littattafai, inda masu zanen manya ke samun na abinci, suna ta rufewa, saboda talabijin da mujallun mako-mako da suka ɓullo a 1959 sun janye masu karatu. Mai zane Sanpei Shirato ya zuba kuɗinsa a mujallar don ya sami inda zai buga labarinsa mai suna Kamui ba tare da wani edita ya taɓa masa ko layi ɗaya ba. Labarin talakawa ne a zamanin Edo, lokacin da sarakunan yaƙi ke mulkin Japan: manoma da haraji ya yi wa katutu, da waɗanda aka haifa a ƙasan kowa. Ɗaliban jami'a masu zanga-zanga suka rungume shi, har cinikin mujallar ya kai kusan kwafi 80,000.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Nagai ya buɗe wa masu zane ƙofa. Sai da aka buga cigiya a cikin mujallar kafin a samo mai zane Yoshiharu Tsuge. A 1968 ya fitar da Nejishiki: wani yaro da wata halittar teku ta tsinka masa jijiyar hannu, yana dafe da raunin, yana yawo a wani ƙauyen masunta neman likita, amma duk allon da ya ɗaga kai ya gani na likitan ido ne. Labari ne mai tafiya irin ta mafarki, kuma masu sharhi suka ɗauke shi a matsayin adabi. Hatta Osamu Tezuka, uban manga, sai da ya kafa tasa mujallar, COM, a 1967 don ya yi gogayya da ita.

To ina gizo ya yi saƙa? Mujallar ta jingina cinikinta ga labari ɗaya. Da Kamui ya ƙare a 1971 sai masu saye suka ragu, har ta kai ba a biyan masu zane ko sisi. Suka ci gaba da kawo aiki saboda 'yancin da ba sa samu a wani wuri, amma wanda ya yi suna dole ya nemi abin rufin asiri a manyan kamfanoni. A ganina wannan babban rauni ne, ba abin yabo ba.

Nagai ya rasu a 1996. A shekarar da ta biyo baya ma'aikatan suka fice gaba ɗaya, suka kafa mujallar AX a 1998. Garo ta ja ƙafa har 2002, sannan ta tsaya.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum