Zuwa ga ɗalibin da ya tambaye ni sirrin 381654729

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ka tare ni da tambaya a gaban jama'a: wannan lambar mai alƙaluma 1 zuwa 9, kowanne sau ɗaya, wadda biyun farko suke rabuwa da 2 ba saura, ukun farko da 3, har zuwa 9, dace aka yi ko kuwa akwai hanyar gano ta? Ga amsarka, kuma ba sai da kwamfuta ba.

Fara da gurbi na biyar. Dole 5 ce, tunda babu sifili. Gurbi na 2, 4, 6 da 8 sai lambobin cika, don haka mara ne za su zauna a sauran. Yanzu dubi gurbi na huɗu: abin da ke gabansa mara ne, kuma 4 ba ta raba irin wannan sai ya ƙare da 2 ko 6, kamar 12, 16, 32, 36. Haka gurbi na takwas ma. To ka ga 4 da 8 an bar musu gurbi na biyu da na shida. Sharaɗin 3 da na 6 kuma sun tilasta wa alƙaluma uku na tsakiya su rabu da 3, wato ko 258 ko 654.

Sharaɗin 9 kuwa kyauta ne, domin jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, duk yadda ka jera su.

In ka bi wannan tankaɗe da haƙuri, lambobi 10 ne kacal za su rage, ciki har da 987654321. A nan 7 take yanke hukunci, kuma ni dai ban taɓa jin daɗin wannan matakin ba, don babu wata dabara mai daɗi, sai ka zauna ka raba ɗaya bayan ɗaya. Guda ce ta tsira, wato 381654729: alƙalumanta bakwai na farko, 3816547, su ne 7 sau 545221.

Ka kuma tambaya ko jerin yana ci gaba in an yarda a maimaita alƙaluma, da sifili a ciki. Yana ci, amma yana da iyaka. Alƙaluma goma kawai gare ka da za ka liƙa a ƙarshe, alhali mai rabawa yana ta girma. Da ya wuce 10, sai hanyoyi su fara toshewa. Mafi tsawo tana da alƙaluma 25: 3608528850368400786036725. Gwada liƙa mata na 26 ka gani.

Naka,
Malaminka na lissafi