Mun Zuba wa Ƙafafun Yaro Ido, Mun Manta da Kunnensa

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana da iyaye game da matakan girman yaro daga haihuwa zuwa shekara uku, domin na lura damuwarmu takan sauka inda babu matsala, ta tsallake inda ya kamata a tsaya a duba.

Abin da ake fara tambayar mai goyo shi ne ko yaron ya fara zama, ko ya fara rarrafe, ko ya fara tatata. Idan ɗan maƙwabciya ya riga nata tafiya da wata biyu, sai hankalin uwa ya tashi, alhali tazarar da ke tsakanin lafiyayyun yara ta fi haka faɗi. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da aka bibiyi yara sama da 800 a ƙasashen Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An samu lafiyayyun yaran da suka zauna da kansu tun suna wata 4, an samu waɗanda sai da suka kai wata 9. Tafiya ba tare da dafa komai ba kuwa ta kama daga wata 8 har zuwa kusan wata 18. Kimanin yara 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, kuma hakan bai hana su miƙewa su yi tafiya ba. Shi kuwa bakwaini lissafinsa daban ne, domin har ya kai shekara biyu ana cire masa makonnin da ya riga lokacinsa: wanda aka haifa saura wata biyu, idan ya cika wata 6 da mizanin ɗan wata 4 za a auna shi.

Inda nake ganin muna sakaci shi ne ji, da kallo, da magana. Waɗannan ba su da armashin tafiya, babu mai kiran 'yan uwa don yaro ya waiwaya da aka kira sunansa, amma su ne suka fi nuna yadda ƙwaƙwalwa take aiki. Jariri ɗan wata 2 yakan mayar da murmushi idan an yi masa. A wata 9 ana sa ran yana gwaranci irin su "mamama" da "bababa", yana kuma juyowa idan an kira shi. Ɗan wata 18 yakan nuna abu da yatsa don ya jawo hankalin babba, ba don yana son a miƙo masa ba, wannan kuwa alama ce babba duk da ƙanƙantarta a ido. A shekara 2 ya kamata a ji yana haɗa kalma biyu, kamar "ƙaro ruwa". Waɗannan watanni suna cikin jadawalin da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sabunta a 2022, wanda aka tsara shi bisa abin da aƙalla yara 75 cikin 100 suke iya yi a wannan lokaci. Ke nan yaron da bai kai ba ya cancanci a duba shi, ko da a ƙarshe za a tarar lafiyarsa lau.

Uzurorin da ake kawowa sanannu ne. Za a ce namiji ne, maza suna da nauyin baki, ko a ce ubansa ma haka ya yi, ko a ce harsuna biyu da ake yi a gidan ne suka rikita shi. Na ƙarshen nan ba gaskiya ba ne, domin yaro yana iya tashi da harsuna biyu ba tare da maganarsa ta makara ba, muddin aka haɗa kalmomin da ya sani a duka biyun wajen ƙirga. Sauran uzurorin kuwa ko da wani lokaci sun dace, babu wanda yake da tabbacin hakan sai an gwada, kuma kunne ne ya kamata a fara gwadawa. Jaririn da ba ya ji ma yakan yi 'yan sautuka a watannin farko, shi ya sa iyaye suke ruɗuwa, sai daga baya a ga gwarancin bai ci gaba ba. Tafa hannu a bayansa ba gwaji ba ne, saboda yana iya ganin inuwa ko ya ji iskar tafin ya waiwaya. Shawara mai tsanani a makon haihuwa, da sanƙarau, da ƙyanda, da yawan zubar ruwa daga kunne, duk suna iya taɓa ji. Ƙa'idar da masana ji suke bi ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6, saboda a waɗannan watanni ne ƙwaƙwalwa take ɗaukar harshe cikin sauƙi, ko na baki ko na hannu.

Akwai alama ɗaya da ba ta jiran kowane jadawali. Idan yaro ya taɓa iya wani abu sannan ya daina, yana faɗin kalmomi ya yi shiru, ko yana kallon idon mutane ya koma kau da kai, a kai shi ga likita ba tare da an jira watan gaba ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma tana ba da shawarar a tantance ci gaban kowane yaro a wata 9, 18 da 30, a kuma duba alamun galahanga, wato lalurar da take shafar magana da cuɗanya da mutane (autism), a wata 18 da 24, ko da iyaye ba su kawo ƙorafi ba.

Abin da yake buɗe bakin yaro shi ne a yi masa magana, a jira ya mayar da nasa sautin, a amsa masa. Waya ba ta amsawa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kada a ba jariri da ɗan shekara 1 kallon allo, masu shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Keken koyon tafiya mai tayoyi shi ma ba ya gaggauta tafiya, kuma saboda haɗarinsa ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.

Roƙona ga ma'aikatan lafiya shi ne, ranar awo da rigakafi, bayan an ɗora yaro a sikeli an rubuta nauyinsa, a ƙara wa uwa tambaya uku: yana juyowa idan an kira sunansa, yana nuna abu da yatsa, kuma kalma nawa yake faɗa? A rubuta amsar a katinsa domin wanda zai gan shi a zuwa na gaba ya samu abin kwatantawa.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku