Mutum-mutumi da yaranmu masu otizim

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ɗan ban fili.

Ɗan ƙanwata shekararsa 6, likita yace otizim ne, wasu na ce wa lalurar galahanga. Kafin mu kai ga likitan ba inda ba'a kaishi ba, ruƙiya, hayaƙi, rubutu, wai shafar aljanu ce. Yaro baya haɗa ido da kowa, ka kira sunansa kamar da bango kake, amma bashi murfin robar lemo sai yayi awa yana juyawa.

Shiyasa na tsaya na karanta aikin da akeyi a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila. Tun 2005 suka ƙera wani mutum-mutumi mai suna Kaspar, girman ƙaramin yaro, fuskarsa da gangan aka yita ba yawan motsi, don fuskar mutum rikita irin yaran nan take, gira ta ɗaga baki ya motsa murya ta canza duk lokaci guda, shi kuwa Kaspar yadda yayi jiya haka zaiyi yau, baya gajiya baya daka tsawa. Kayi masa cakulkuli yayi dariya, ka mintsine shi yace yaji zafi, har ganga ake bugawa dashi, kai ka buga shi ya buga.

A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka kai wani mai suna Jibo gidajen yara 12, minti 30 kullum har wata guda, uwa ko uba na zaune a wurin. Yaran sun ƙara iya maida hankali kan abu ɗaya tare da babba, ko da an ɗauke na'urar. Yara 12 dai ba yawa bane, kar wani ya fito mana a Facebook da tallan magani.

Ni bance a sayo mana ba, da wace wutar zamuyi caji? Gwangwanin madara biyu na samo da cokula, kullum bayan la'asar in buga sau uku in tsaya, ba surutu ba "kalle ni nan". Sati uku ɗan ƙanwar tawa yana fizge min cokali. Shekaranjiya ya buga nasa ukun ya tsaya, ya ɗago ya kalleni yana jira. Uwarsa na bakin murhu, sai da ta saki ludayi.

Malam Edita, kafin ranar otizim ta duniya, 2 ga Afrilu, a nemo mana likitan yara yayi mana bayanin irin wannan wasa da Hausa a shafin lafiya.

Taku,
wata mai karatu daga Zariya