Zuwa ga mutumina na Fatakwal

Birnin Kebbi,
daren Lahadi.

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwan garinku da ba ya ɗaukewa? A gaishe min da amarya, in dai har yanzu amarya kake ce mata bayan 'ya'ya uku. Na san ka ƙullace ni. Saƙonka na maganar filin bayan makaranta ya iso tun watan jiya, kuma zan zo kansa a wasiƙa ta gaba. Bari ka fara jin abin da ya hana ni sakat tun farkon damina.

Motar nan ce, Honda Accord ɗin 2003 da ake kira EOD, da ka raka ni muka ɗauko, wadda ka rantse launinta ɗaya da tukunyar Inna. Sau uku birkin baya na dama yana kamawa. Karon farko a hanyar Jega ne, ina ɗauke da Inna za mu ta'aziyya. Na ji motar ta yi nauyi kamar an ɗora mata buhunan shinkafa, ina taka totur tana nishi, can sai ƙauri ya cika mu. Da na sauka, ko kusa da tayar ba a iya kai hannu. Wani mai shayi, Allah ya saka masa, ya taho da bokitin ruwa zai sheƙa, na riƙe hannunsa, don ruwan sanyi a kan faifan birki mai zafi yana iya karkatar da shi. Muka zauna ƙarƙashin darbejiya muna jira ya huce, Inna na jan carbi ba ta ce min komai ba. Shirun nan nata har yau yana raina.

Bakaniken farko ya kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ya goge fil ɗin nan biyu da take zamewa a kansu da samfefa, ya lafta musu baƙin giris na boris. Da ya zo mayar da fistan ya ƙi shiga, sai ya ɗauko guduma. Ina tsaye ina kallo. Daga baya na sani cewa fistan ɗin baya na irin wannan motar murɗa shi ake yi ya koma, domin a cikinsa ƙarfen birkin hannu yake. Duka lalata shi yake yi. Sati uku tsakani, ƙauri ya dawo. Na biyu ya ce kalifar ta mutu, na aika Kano aka sayo min ta hannu a Ƙofar Ruwa, aka ba direba ya kawo. Wata guda na yi ina murna. Ranar da za mu Argungu kai kayan lefen Dogo, ta sake kamawa, sabuwar kalifar da na biya kuɗinta.

Af, Dogo ya yi aure fa! Ka sha mamaki ko? Mutumin da ya ce sai ya gina bene. Ɗaki biyu ya kama a Badariya, kuma wallahi ya yi ƙiba cikin 'yan makonnin nan. Ya ce in gaya maka gudummawarka ba ta iso ba, kuma ba ya karɓar uzurin network.

To, a Argungun ne wani ya kai ni wurin wani dattijo, garejinsa ko alama babu. Bai taɓa sifana ba sai da ya gama jin labarina tun daga Jega. Ya sa jak, ya ce in taka birki da ƙarfi sau biyar in saki. Taya ta ƙi juyawa. Ya ɗan sassauta ɗan bakin da ake fitar da iska, mai ya yi tsartuwa, nan take taya ta saki har yaro na juya ta da yatsa ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, tiyo na." Ya ce da tsatsa ce ta riƙe fistan, ko an buɗe bakin nan ba za ta saki ba, tunda ta saki, man ne ya tafi ya kasa komowa. Ya cire tiyon robar ya tsaga shi a gabana. Daga waje lafiya ƙalau, ko tsagewa babu, amma cikinsa ya kumbura ya toshe. In ka taka, ƙarfin ƙafarka na tura mai ya wuce. In ka saki, babu abin da zai turo shi baya, sai birki ya zauna a matse. Abin da na sha wahala a kansa wata biyu ke nan, ɗan tiyon da bai kai kamu biyu ba.

Bai tsaya nan ba. Ya nuna min robobin fil ɗin sun kumbura sun yi laushi, ya ce aikin baƙin giris ne, yana cin roba. Na silikon ake sa wa wurin. Ya tsiyayo man birkin a kwalba, baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana. Man birki yana shan danshi daga iska, ruwan kuma ya kawo tsatsa daga ciki, shi ya sa littafin motar ya ce a canza shi duk shekara 3. Tun da muka ɗauko ta, ƙari kawai ake yi mata. Ga kuma shiga fadama da nake yi zuwa gonar shinkafa, taya na nutsewa a laka, robar da ke kare fistan in ta yage ko kaɗan ruwa ya samu ƙofa. Muka canza tiyon baya duka biyu, da fad (takalman birki) na ɓangarorin biyu, aka zubar da tsohon mai kaf aka zuba DOT 3 sabo daga rufaffiyar kwalba, ya kuma duba wayar birkin hannu ya tabbatar tana komawa.

Abin da ke ci min rai ba kuɗin ba ne, ko da yake fetur ɗin da ta sha tana jan birki a matse ba kaɗan ba ne. Mutum biyu sun taɓa birkin motar da ke ɗaukar mahaifiyata da yarana, babu wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Kuma kowannensu yana da yara 'yan koyo a tsaye suna kallon yadda ake dukan fistan da guduma. Gobe su ne masu gareji. Yau sati biyar lafiya lau, na je Aliero na dawo da albasa cike da but, amma duk inda na tsaya sai na zagaya na kai bayan hannuna kusa da tayoyin baya. Uwargida ta daina tambayata dalili.

Kai kuma da ke tuƙi cikin ruwa rabin shekara, yaushe rabon da a canza man birkin tsohuwar akwalarka? Kada ka ce min ba ta taɓa ba ka matsala ba, na san ka da son a ce ka iya mota. Ka kai ta ranar Asabar. In ka shiga kasuwar kayan mota ta Ikoku ka nemo min giris ɗin silikon ƙaramin gwangwani biyu, ɗaya nawa, ɗaya zan kai wa dattijon, don nasa ya kusa ƙarewa. Ka ba Auta ya taho da shi in zai zo hutu.

Inna ta ce a gaishe ka, ta kuma ajiye maka busasshen kifi, amma ta ce ba za ta ba kowa saƙo ba, sai ka zo da ƙafarka.

Naka har kullum,
abokin zaman bencinka.