Wasiƙa zuwa Riyad kan fim ɗin Black Panther

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Kano sai godiya.

Na ga ƙorafinka cewa yara sun ishe ka da finafinan jaruman Marvel, kai kuwa ba ka ga komai a ciki ba sai tsalle-tsalle da rushe gine-gine. Ban ƙi ta taka ba. Tun da Iron Man ya yi kasuwa a 2008, Disney kuma ta saye Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan 4, kamfanin ya samu rijiya, guga kawai yake ta zurawa. Amma kada ka yi musu kuɗin goro. Ka ware Black Panther, ka zauna ku kalla tare.

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro jarumin a 1966, cikin littafin zane na Fantastic Four, fitowa ta 52. Sai a 2018 ya samu fim nasa na kansa, a hannun Ryan Coogler, ya kuma tara sama da dala biliyan 1.3. Da shi ma aka sake buɗe sinima a nan garinku a watan Afrilun shekarar, bayan an shafe fiye da shekara 30 ba a yi.

Ni dai ba kuɗin ne ya kama ni ba, labarin ne. Ka cire rigar ƙarfe da jiragen, abin da zai rage rikicin gidan sarauta ne irin wanda muka sani. Sarki T'Chaka ya kashe ƙanensa a Oakland ta Amurka, ya bar ɗan marigayin can, maraya, ba wanda ya waiwaye shi, don kawai a rufe asirin Wakanda, ƙagaggiyar ƙasar Afirka da yake mulka. Yaron ya girma da ƙullaci, ya dawo neman gadon sarauta a hannun ɗan wan ubansa, T'Challa, wato Black Panther ɗin. Wallahi ko da ya fara ɓarna, na kasa tsanarsa gaba ɗaya. Hanyarsa muguwa ce, amma kukansa gaskiya ne: an yanke zumunci da shi tun bai san komai ba. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda T'Challa ya fuskanci mahaifinsa ya ce masa bai kyauta ba. Da wuya ka ga fim ya bar jarumi ya koyi darasi daga abokin gabarsa.

Ka kuma kasa kunne ga kiɗan. Ludwig Göransson sai da ya je Senegal ya bi mawaƙi Baaba Maal yawon wasanni kafin ya haɗa shi. Muryar da za ka ji yayin shiga Wakanda ta Baaba Maal ce, da Fulatanci yake rerawa, gangar da ke rakiyar T'Challa kuwa tama ce, 'yar uwar kalangunmu, wadda ake matsewa a hammata. Ruth Carter, mai tsara tufafi, ta ɗauko shigar 'yan kasuwar Wakanda daga Buzaye, rawani da shuni, ta kuma ci kyautar Oscar a 2019. An yi aikin da girmamawa, ba a yi mana zanen daji da bukka ba.

Abu ɗaya zan ja hankalinka a kai: akwai bautar wata gunkiya mai suna Bast, da zance da magabatan da suka mutu. Ka yi wa yaran bayani cewa ƙagen labari ne. Faɗan kuma ya yi wa ƙaramar nauyi, a bari ta ƙara girma.

Manyan kuwa ka faɗa musu cewa Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin T'Challa, yana fama da kansar hanji tun 2016 ya yi wannan fim, bai bari duniya ta sani ba, har ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 43. In kun gama, ka tambayi babban ɗanka abin da zai yi wa marayan nan in shi ne sarki, ka rubuto mini amsarsa, ina son ji.

Ka gaida uwargida da yara. In ka samu zuwa Madina ka sa mu a addu'a.

Naka amini,
daga Kano