Sanarwa kan sunan da za mu riƙa kiran jiragenmu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Game da muhawarar sunan ƙananan jiragenmu marasa matuƙi (dron), ga ra'ayina.

Da zarar an ce "jirgi maras matuƙi", mutane sukan tuna Predator da Reaper, jiragen yaƙin Amurka da suka riƙa kai hari a Pakistan da Yemen. Wasu kuma su tuna Disamban 2018, lokacin da rahoton ganin dron ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, lamarin da ya shafi jirage kusan 1,000. Shi ya sa wasunmu ke son mu koma cewa "mai farfela huɗu".

Ni dai ban ga sauya suna zai cire tsoron ba. Matar da ta ɗaga kai ta ga kyamara na shawagi saman gidanta, ina ruwanta da sunan da muka raɗa masa? Mu ce dron, yadda kowa ya sani. In wani ya matso da tambaya, a sauke jirgin, a nuna masa allon ya ga abin da ake ɗauka. Kuma don Allah a daina shawagi kan gidajen mutane ba izini.